Tun da na haihu na daina kula da suturata, har baƙuwa ta ɗauke ni 'yar aiki

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 29, ina koyarwa a wata firamare. Yarana biyu, ƙaramar watanta biyar. Tun da na haife ta jikina ya buɗe, kayan lefena da waɗanda na ɗinka daga baya duk sun matse ni. A gida da ɗaurin ƙirji nake wuni, ko in zura tsohuwar rigar maigidana. In zan tafi makaranta sai in zumbula hijabi ɗaya a kan duk abin da ke jikina. Na daina zuwa biki da suna, madubi ma ba na son kallo. Rannan ƙanwar mijina ta zo da ƙawarta, ƙawar ta miƙo min jakarta ta ce in kira mata matar gidan. Da dare na ba maigidana labari, sai ya ce ai ba laifinta ba ne, ni ce na mai da kaina tsohuwa. Ranar ban runtsa ba. Yanzu wata dillaliya ta ce za ta ba ni leshi biyu da sufa uku bashi, in riƙa biya duk wata, kuɗin ya kai albashina na wata huɗu. In karɓa? Kuma da gaske ne tufafi na sauya yadda mutum ke ji a ransa, ko dai son duniya ne ya kama ni?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki ko da ta zo a makare, Allah ya raya mana su. Bari in ba ki amsa biyu tun kafin bayani: kada ki karɓi kayan dillaliyar nan, kuma abin da ke damun ki ba son duniya ba ne. A wuni guda aka yi miki rauni biyu. Baƙuwa ta raina ki a cikin gidanki, da kika kai kuka wurin wanda kike sa ran zai lallashe ki, sai ya ƙara miki. Duk macen da aka yi wa haka barci zai ƙaurace mata.

Kan batun son duniya, ki kwantar da hankalinki. Imam Muslim ya ruwaito cewa da Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani mutum ya ce ai mutum yana son rigarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Sai aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Son ki ga kanki fes bai shiga wannan sahun ba. Ki lura ma da sunan da muke kiran tufafi da shi, sutura, wato abin da ke rufa wa mutum asiri.

Ko tufa na taɓa zuciya? Tana taɓawa, amma ba yadda masu talla ke kururutawa ba. A 2012 wasu masana biyu, Hajo Adam da Adam Galinsky, sun yi gwaji a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Sun sa wa ɗalibai farar riga iri ɗaya, aka ce wa wasu ta likita ce, aka ce wa wasu ta mai fenti ce, sannan aka ba su aikin da ke buƙatar natsuwa. Waɗanda suka ɗauka rigar likita ce a jikinsu sun fi mai da hankali. Gwajin ya yi suna sosai, sai dai a 2019 wasu sun maimaita wani ɓangarensa da mutane masu yawa, ba su sami irin wannan sakamakon ba. Don haka kada ki ɗauki riga a matsayin magani. Abin da ya fi tabbata shi ne wanda likitocin ciwon damuwa ke aiki da shi kullum: mutum ba ya jira sai ransa ya yi daɗi sannan ya motsa, yakan fara motsawa ne, daga baya ran ya biyo. Wanka da sa kayan kirki da safe na cikin irin wannan motsin, kuma shi ne mafi sauƙi.

Dubi yadda ɗaurin ƙirji ke tafiyar miki da wuni. Kaya ne na tsakanin barci da wanka, muddin yana jikinki kamar gari bai gama waye miki ba ne. An yi sallama sai gabanki ya faɗi, ki ruga neman hijabi. Maƙwabciya ta aiko ki leƙo, sai ki ce kina da aiki. Kiran bidiyo ya shigo daga gida, ki ƙi ɗauka. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma in suka taru wata biyar sai ki waiga ki ga kin yanke kanki daga mutane, kaɗaici kuma shi ne abincin damuwa. Matsattsun kaya su ma da nasu aikin. Rigar da ke cizon hammata ko siket ɗin da zif ɗinsa ya ƙi hawa, duk motsin da kika yi sai sun tuna miki cewa jikinki ya sauya. Ba abin mamaki ba ne da kika guje su gaba ɗaya.

Idon mutane kuwa yana da gaggawa fiye da yadda muke zato. A 2019 masana a Jami'ar Princeton sun nuna wa mutane hoton fuska ɗaya da riguna daban-daban, wasu sun ɗan fi wasu alamar wadata, bambancin ma ba mai yawa ba. Masu kallo sun riƙa cewa mai rigar da ta fi kyau ya fi iya aiki, ko da an haska musu hoton na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ko da an ce musu kada su kula da rigar. Wannan ba adalci ba ne, amma haka idon ɗan Adam yake. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a irin wannan ƙiftawar ido ba wanda ke tantance sufa daga ƙaramar atamfa. Abin da ido ke kamawa shi ne yamutsewa, koɗewar launi, tabo a kafaɗa, da rigar da ba ta zauna a jiki ba. Duk waɗannan da dutsen guga da tela ake maganinsu, ba da albashin wata huɗu ba.

Ita baƙuwar, idonta ya yaudare ta, amma rashin tarbiyyar nata ne. Ko da 'yar aiki ce ta tarar, gaisuwa ake fara yi kafin a miƙa jaka, kuma 'yar aiki mutum ce mai daraja. Ƙanwar mijinki ya kamata ta gabatar da ke tun daga bakin ƙofa. Wataƙila ita ma kunya ta rufe ta. Kada ki mai da shi gaba tsakaninki da dangin miji. In sun sake zuwa ki tarbe su da fara'a, kada ki ta da zancen.

Yanzu ga aiki. Ki ware rana ɗaya, Asabar misali, ki zazzage akwatunan nan a kan gado, ki gwada komai a jikinki na yau, ki kasa su uku: wanda ya shige ki yanzu, wanda tela zai iya buɗawa, da wanda ba dabara. Kashi na ukun ki ninke shi ki mayar akwati, ki ɗora can sama inda ba za ki riƙa ganinsa kullum ba. Kada ki kyautar da shi tukuna. Mahaifa takan koma daidai cikin mako shida, amma naman ciki da ƙugu kan ɗauki wata shida zuwa shekara, ƙirji kuma ba ya tsayawa a awo ɗaya sai bayan yaye. Saboda haka kuskure ne ki ɗinka kaya a awon da kike fatan komawa, kuskure ne kuma ki zuba kuɗi masu yawa a awon da zai sauya nan da wata takwas.

Kashi na biyu shi ne inda arzikinki yake. Ki juya kowace riga ki duba gefen ɗinkin ta ciki. Tela mai hankali yakan bar rarar yadi kamar inci ɗaya a kowane gefe, in aka farke gefe biyu aka sake ɗinkewa, riga na iya ƙara inci biyu zuwa huɗu a kewaye, kuma sau da yawa iyakar abin da ake nema ke nan. In rarar ba ta isa ba, a yanko daga ɗankwalin atamfar a sa ƙari daga hammata zuwa ƙasa, gefe da gefe, in zanen ya haɗu ba mai ganewa. Sai ki yafa gyale ko ki ɗaura wani ɗankwali mara zane da ya dace da launin. Matsala ɗaya da za ki kiyaye: atamfar da ta sha wanki, in aka buɗa ta, layin tsohon ɗinki yakan fito da launi mai duhu fiye da sauran jikin. Ki sa tela ya farke ɗan wuri kaɗan ya duba kafin ya ci gaba. Siket mai ɗame ƙugu ya fi wuyar gyara, shi kam sai haƙuri. Amma zane bai san ƙiba ba, duk zannuwanki suna nan daram. Inda aka ɗinka miki zane biyu a turmi ɗaya, yadi biyu na zane guda ya isa a fitar da sabuwar riga a awonki na yanzu. Kin ga kin sami sabon kaya da kuɗin ɗinki kawai.

Kafin ki je awo, ki fara sayen rigar mama da ta dace da ke. Masu shayarwa da yawa suna ci gaba da sa wadda suke sawa tun kafin haihuwa, ita kuwa tana matse nono, tana iya toshe hanyar ruwan har ya yi ƙullutu ya kawo zazzaɓi, sannan duk rigar da aka ɗora a kanta ba ta zama. Ki nemi ta auduga mara ƙarfe, mai buɗewa ta gaba, guda uku, ki sa ɗaya ki je wurin tela da ita. Ki ce masa ya bar miki rarar inci ɗaya da rabi a ciki, don a iya ragewa ko ƙarawa nan gaba.

Abin da za ki ɗinka sabo ba shi da yawa, kuma kayan gida ne kan gaba, tun da a gida kike yin mafi yawan rayuwarki. Dogayen riguna uku na atamfar auduga mara tsada, yadi uku zuwa uku da rabi kowace, da zif a gaba mai tsawon inci 12 zuwa 14 don shayarwa. Turmi yadi shida ne, in kuka haɗa kai da wata malama a makarantarku kuka sayi turmi uku a Kantin Kwari kuka raba biyu, kowacce ta tashi da launi uku. Ki guji yadin roba komai kyan zanensa, yana riƙe zufa da ƙarnin nono, in zafin Afrilu ya zo kuwa za ki ji kamar a leda aka ƙunshe ki. In kina shakka, ki zaro zare ɗaya daga bakin yadin ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Wajen launi, ki ɗauki mai ƙananan zane da ya cakuɗa launuka, yana ɓoye tabon tumbuɗi. Baƙi da shuɗi mai duhu marasa zane sun fi kowane tona tabon nono da ƙurar alli. Ki kuma saka launi ɗaya da kika san kina so tun kina budurwa, wanda in kin sa ake ce miki ya karɓe ki.

Hijabin makaranta ya zama uku, ba ɗaya ba. Shi ne abin da ɗalibai da iyayensu da shugabar makaranta ke gani, kuma wurin fuska ne ke fara lalacewa: maiƙo da hoda su dafe shi, bakin ya saki ya riƙa zamewa. Tela zai tsuke bakin cikin minti kaɗan. Ki riƙa sa hula a ciki, ki cuɗa wurin fuskar da sabulu kafin ki jiƙa sauran. Kuma abin da ke ƙarƙashin hijabin ma ya zama na kirki. Ba mai gani, amma ke kin sani, kuma malamar da ke tsoron iska ta ɗaga mata hijabi ba ta sakin jiki a gaban allo, ba ta ɗaga hannu sosai, muryarta ma ƙasa take yi. Yara suna lura da wannan tun kafin manya su lura.

Tabon nono da tumbuɗi da ruwan sanyi ake fara wanke su, ruwan zafi dafa su yake su zauna daram. Atamfa a juye ake shanya ta, a inuwa, rana ce ke cinye launi. Turaren wuta a kan wankakkun kaya busassu ake yin sa, in aka turara kayan da suka sha zufa warin ne ke ninkuwa. Ki yi turaren a wani ɗaki daban, nesa da jaririyar, hayaƙi ba ya yi wa ƙirjinta kyau.

Sannan ki gwada wannan na mako biyu. Kowane dare bayan isha'i ki fitar da kayan gobe, ki goge in akwai wuta, ki rataye. Ranar da ba makaranta, barcin farko da yarinya ta yi da safe na wankanki ne, ba na wanke-wanke ba, kwanuka za su jira. Minti goma sha biyar sun isa: wanka, mai, kwalli, riga, ɗankwali. Ki ajiye ƙaramin tawul a kafaɗa duk lokacin da za ki saɓa ta. Wata rana za ta ɓaci, yarinya ta ƙi barci ko ruwa ya yanke. Ba komai, washegari ki ɗora daga inda kika tsaya.

Dalilin da na hana ki kayan dillaliya shi ne ba su ne ciwonki ba. Leshi ba a girki da shi, ba a shiga aji da shi, mai goyo ma ba ta jin daɗinsa don duwatsunsa na kartar fuskar yaro. A shekara ba zai wuce ki sa shi sau huɗu ko biyar ba, sauran kwanakin kina nan da ɗaurin ƙirjinki, ga kuma mai bin bashi tana sallama duk ƙarshen wata. Kayan bashi kuma galibi sun fi na kasuwa tsada, ga kuɗin ɗinki biyar da ba ki lissafa ba. Nan kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. In kina son kayan fita na gani na faɗa guda ɗaya, ki shiga adashi, ki ɗauki kwasarki bayan yaye lokacin da jikinki ya tsaya. Kafin nan, kaya ɗaya daga lefenki da aka buɗa ya isa ki shiga kowane taro. Anko kuwa ki tsaya a na 'yan uwa na jini, sauran ki sa launi mai kama da shi ki je ki yi Allah sanya alheri. Masu biki sun fi riƙe wanda bai zo ba fiye da wanda ya zo ba anko.

Sai maigida. Maganarsa ta yi zafi kuma ta zo a mugun lokaci, ba zan wanke shi ba. Amma ina zaton a ƙarƙashinta akwai mutumin da ya ga matarsa ta sauya, bai san dalili ba, bai kuma iya tambaya ba. Maza da yawa ba su san cewa kaya na daina shiga mace bayan haihuwa ba, suna ganin akwatuna cike sai su ɗauka ƙyuya ce. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban yara ba, ki ce masa: "Baban yara, maganar da ka faɗa rannan ta tsaya min a rai. Ba ƙin gyara nake ba, kayana ne ba sa shiga ta, zo ka gani." Ki gwada riga ɗaya a gabansa. Daga nan ki faɗi buƙatarki a ƙididdige: kuɗin yadi kaza, kuɗin tela kaza, da kuma ya riƙe yaran minti ashirin da safe ranar da yake gida. Namiji ya fi gane lissafi a kan "ba ka kula da ni". Ba roƙo kike ba, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban yaro, gwargwadon ƙarfinsa. In ƙarfin nasa bai kai ba a yanzu, ku raba, shi ya ɗauki ɗinki ke ki ɗauki yadi. In kuma gorin ya ci gaba bayan kin yi naki, to magana ta wuce ta tufafi, sai ki sami babba guda da yake jin nauyi, ba taron dangi ba.

Akwai abin da ya fi duk wannan tsaya min a wasiƙarki: kin daina shiga mutane, ba kya son ganin fuskarki. Yana iya zama rashin kaya ne kawai, yana iya zama kuma rashin kula da kayan alama ce ta wani abu a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 13 cikin 100 na samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa 20. Ba raunin imani ba ne, ba kuma aljanu ba, ciwo ne da ake warkewa. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: kina kuka ba dalili? Barci na ƙin zuwa ko da yarinya ta yi barci? Abinci ya fita ranki? Abubuwan da kike jin daɗinsu da sun daina burge ki? Kina jin ke ba uwar kirki ba ce? In wasu daga cikin waɗannan sun wuce mako biyu suna tare da ke, wanka da gari ba ya maganin yunwa, sabuwar riga ba za ta ɗauke su ba. Nan da 'yan makonni za ki kai yarinya asibiti awon wata shida, kada ki tsaya a kanta ita kaɗai. Ki ce wa ma'aikaciyar jinya kina son ganin likita don kanki, ki faɗa masa abin da kika faɗa min, ki kuma nemi a auna jininki, don ƙarancin jini bayan haihuwa shi ma yana kawo kasala da mutuwar jiki. In kuwa tunanin cutar da kanki ko yarinyar ya taɓa gifta miki, ko sau ɗaya ne, kada ki jira ranar awo. Ki gaya wa mahaifiyarki ko maigida yau, a raka ki asibiti. Bayan mako biyun nan ki sake rubuto min, ina son jin yadda kuka yi da tela da kuma abin da likita ya ce.